Kaza Ta Kwana A Kan Dami

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan shafi namu na Hausa, in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da malamanmu kuma, a kan wani abu wanda yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, watau ƙura. Ƙurar da na ke nufi ita ce wadda ke tashi daga tanderun da a ke narka tsofaffin ƙarafa a ciki. Ra'ayina a kanta shi ne, ƙasar da ta yarda ta narka ƙarfe, ta kuwa bar ƙurarsa ta bi iska, ta yi hasara biyu a lokaci guda: ta zubar da dukiya, ta kuma shayar da 'ya'yanta guba. Ga yadda na kai ga wannan ra'ayi.

Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura wata makaranta a bayan wani gari, wadda tsakaninta da wata masana'antar rodi bai kai mil guda ba. Kowace safiya yara su kan goge tebura kafin a shiga aji, tsumman kuwa ya kan fito ja-ja-ja, da ɗan baƙi-baƙi. Ban kula ba, na ɗauka ƙurar hanya ce. Ran nan ina koya musu narkewa da tafasa, sai wani yaro, wanda mahaifinsa ɗan gwangwan ne, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Baba ya kan kai musu tsohon kwanon rufi da tsofaffin bokitai, duk farare. Amma rodin da su ke fitarwa baƙi ne. To, ina farin ya tafi?"

Na yi shiru. Ga ni da alli a hannu, ga yara arba'in sun zuba mini ido. Na ce masa ya yi haƙuri sai gobe. Daren nan na kwana ina tonon littattafai, da safe kuma na tare malamin kimiyya na makarantar. Amsar da na samo ta ba ni kunya, gama mai yiwuwa ne wani kashi na farin nan da yaron ke tambaya yana jikin tsumman da ya goge teburinsa da shi.

Farin nan na jikin kwano tutiya ce. A kan tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya domin ta kāre shi daga tsatsa, kusan rabin tutiyar da duniya ke amfani da ita kuwa wannan aiki ta ke yi. Jikin motocin zamani, da bututun ruwa, da wayar shinge, da kwanon rufi, duka suna da wannan riga. In sun tsufa, 'yan gwangwan su tattara su, a auna a kan sikeli, a loda a manyan motoci zuwa masana'anta.

A ƙasashen da su ka yi nisa a wannan sana'a, a kan zuba tsofaffin ƙarafan nan cikin wani ƙaton tanderu mai murfi. Sanduna uku, waɗanda aka yi da irin baƙin abin nan na cikin fensir, su sauko ta murfin, wutar lantarki ta riƙa tsalle daga bakinsu zuwa kan ƙarafan kamar walƙiya, har zafi ya kai wajen digiri 1,600. Baƙin ƙarfe ya kan narke a digiri 1,538, saboda haka sai ya kwanta a gindin tanderu kamar ruwa. Amma tutiya ba ta da wannan jimiri. Ta kan narke a wajen digiri 420, ta tafasa a digiri 907. Tun ƙarfe bai gama narkewa ba, ita ta riga ta zama tururi ta tashi. Da ta haɗu da iska sai ta kama oksijin, ta koma gari mai laushi ƙwarai, ta gauraya da ƙurar tsatsar ƙarfe, da ta darma, da ta wani ƙarfe mai guba da a ke kira kadmiyam, da gishiri iri iri. Wannan gauraye shi ne ƙurar tanderu. Inda a ke da tsari, a kan ja hayaƙin da manyan fankoki, a bi da shi ta cikin ɗaruruwan dogayen jakunkuna na yadi, iska ta wuce, ƙura ta maƙale, a kakkaɓe ta a tara.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda ɗan aji shida zai iya. Kowane tan na ƙarfe da irin wannan tanderu ya fitar, ya kan bar ƙura wajen kilo 15 zuwa 20. A shekarar 2023 duniya ta yi ƙarfe kusan tan biliyan 1.9, fiye da rubu'insa kuwa daga tanderun lantarki ya fito. A Amirka da Turkiyya ma, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfensu ta wannan hanya a ke yi. In ka buga lissafin za ka ga ƙurar ta kai miliyoyin tan a shekara. Tutiyar da ke cikinta kuwa ta danganta ga irin ƙarafan da aka narka, amma galibi ta kan kama daga kashi 15 zuwa 35 cikin 100.

A nan ne abin mamakin ya ke. Dutsen da a ke haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa domin tutiya, sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mutane su kan haƙa rami mai zurfi, su fasa dutse da nakiya, su niƙa shi, su wanke, duk domin wannan ɗan kaso. Ga shi kuwa ƙurar tanderu ta ninka shi biyu ko uku, ta kuma zo a niƙe, ba wanda ya shiga rami dominta. A ɗauki masana'anta mai yin tan 100,000 na rodi a shekara. Ƙurarta za ta kai tan 1,500 zuwa 2,000. In tutiyar ciki kashi 20 ce kawai, an sami tan 300 zuwa 400 ke nan. A shekarar 2024, in an daidaita farashin shekarar duka, tan guda na tutiya ya haura dala 2,500 a kasuwar ƙarafa ta Landan. Kowa ya ƙarasa lissafin da kansa. Gaskiyar Hausawa da su ka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

To, ƙaƙa a ke raba tutiyar da sauran tarkace? Hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce wadda a ke kira Waelz. Sunan daga wata kalmar Jamusanci ya fito mai ma'anar mirginawa, a Jamus kuma aka inganta ta, a shekarun 1920, da fari domin duwatsun da tutiyarsu ba ta da yawa. Daga baya aka ga ta dace da ƙurar tanderu. A kan kwaɓa ƙurar da ruwa, da gawayin kwal, da farar ƙasa, a mulmula ta ƙanana ƙanana. Sa'an nan a zuba ta cikin wata doguwar ganga ta ƙarfe wadda aka shafe cikinta da tubali mai jure wuta, tsawonta ya kan kai mita 40 zuwa 60. Gangar tana kwance, ta ɗan karkata, tana juyawa sannu sannu, kayan suna gangarawa daga wannan baki zuwa wancan cikin sa'o'i kaɗan, zafi kuwa ya kan kai wajen digiri 1,200.

Abin da ke faruwa a ciki, maƙeran kakanninmu da ke narka tama da gawayi za su gane shi. Gawayi ya kan ƙwace oksijin daga jikin tutiya, kamar yadda ya ke ƙwace shi daga jikin tama. Bambancin shi ne, ƙarfe ya kan zauna a ƙasa, tutiya kuwa ta tashi tururi, ta haɗu da iskar da ke saman gangar, ta sake zama gari, iska ta kwashe ta zuwa jakunkunan tacewa. Watau halin nan nata na saurin tashi, wanda ya fitar da ita daga tanderu tun farko, da shi aka sake kama ta. Garin da a ke samu yanzu tutiyarsa ta kan kai kashi 55 zuwa 65 cikin 100. A wanke shi a fitar da gishiri, a aika da shi matatar tutiya, inda za a narkar da shi cikin ruwa mai ƙarfi irin na batir, a saka wutar lantarki, tutiya tsantsa ta taru a jikin farantai. Daga nan ta koma kan sabon kwano, ko ta shiga tagulla, ko batirin tocila, ko tayar mota. Abin da ya rage a gangar, irin kashin maƙera ne mai ƙarfe a ciki, a wasu wurare a kan yi amfani da shi a aikin hanya ko a masana'antar siminti. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu. Befesa, alal misali, yana da irin waɗannan ganguna a Jamus, da Sifen, da Turkiyya, da Koriya ta Kudu, da Sin, a 2021 kuma ya sayi wani kamfani mai irin aikin a Amirka.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ai wannan zancen Turawa ne. Ruwanmu na nan. Ajaokuta, wadda aka yi niyyar ta riƙa narka tama, har yau ba ta cika wannan alkawari ba. Rodin da a ke yi a Nijeriya, mafi yawansa daga tsofaffin ƙarafa ne, a masana'antu irin waɗanda ke wajen Ikorodu da Ogijo da wasu garuruwa. Masu tattara musu kaya kuwa, da yawansu 'yan'uwanmu ne masu jin Hausa, waɗanda ke tura baro unguwa unguwa. Yawancin waɗannan masana'antu ƙanana ne, tanderunsu kuma wani iri ne, tukunya ce da aka naɗe da bututun jan ƙarfe, lantarki ya bi ta ciki ya narka kayan. Amma ko wane irin tanderu ne, sai zafinsa ya wuce digiri 1,500 kafin ƙarfe ya zama ruwa, tutiya kuwa ba ta san bambanci ba. Da ta ji digiri 907 za ta tashi. In akwai jakar da za ta kama ta, a samu. In babu, ta sauka a kan rufin mutane, da rijiyoyinsu, da shanyar garinsu.

Mun kuwa taɓa ganin irin wannan darasi a ƙasarmu. Shekaru da yawa masu haƙar kuza a tsaunukan Jos su na wanke kuza, su na zubar da wani baƙin yashi mai nauyi da ke gauraye da ita, su na ganin ɓata musu kaya ya ke yi. Sunansa kolambait. Da aka shiga shekarun 1950, aka bukaci ƙarfen da ke cikinsa domin injunan jiragen sama masu tsananin zafi, Amirka ta shiga saye tana tarawa, farashi ya tashi. Sai ga kamfanoni sun koma kan tsofaffin jujin da su ka zubar su na tonewa, har Nijeriya ta zama ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi a wannan zamani. Yashin bai sāke ba. Sanin mutane ne ya ƙaru.

Amma da a ce maganar kuɗi ce kaɗai, da ban dami Edita ba. Abin da ya hana ni barci shi ne darma. Tutiya kanta, in an shaƙi hayaƙinta da yawa, ta kan sa zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu, masu walda da su ka taɓa ƙona farin bututu sun san wannan. Kadmiyam ya kan taru a ƙoda ya lalata ta, ya kuma raunana ƙashi. Darma kuwa ita ce babbar abokiyar gāban malamin makaranta, gama ƙwaƙwalwar yaro ta ke taɓawa. Ta kan rage fahimta, ta sa yaro ya kasa natsuwa, abin da ta ɓata kuma ba ya cika komawa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani ma'auni na darma a jinin mutum da za a ce ba shi da lahani ba. Saboda irin waɗannan abubuwa ne Amirka ta sa ƙurar tanderun lantarki cikin jerin shara mai haɗari tun 1980, dokar nan kuwa tana cikin abubuwan da su ka tura masu masana'antu neman hanyar sarrafa ta.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba. A wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, mutane su ka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida su na niƙawa, ba su san yana cike da darma ba. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara fiye da 400 su ka mutu, dubbai kuma su ka bukaci magani. Na kawo wannan domin dalili biyu. Na ɗaya, mu san ƙura tana kisa. Na biyu, kada wani ya karanta abin da na rubuta a sama game da dala 2,500, ya je ya ɗebo buhun ƙurar tanderu ya ce zai dafa ta a bayan ɗaki. Wanda ya yi haka zai saki darmar da kadmiyam a cikin gidansa, tutiyar kuwa ta tsere masa ta sama. Wannan aiki na masana'anta ne mai matatar hayaƙi, ba shi da ƙaramin salo.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da masu sūka za su ce, gama suna da hujja. Na farko, gangar Waelz tana da tsada, ba ta kuwa biyan kuɗinta sai tana samun dubban tan masu yawa a shekara. Ƙurar masana'anta guda tamu ba za ta ƙosar da ita ba. Na biyu, tana cin gawayin kwal mai yawa, tana fitar da hayaƙin da ke ƙara ɗumamar duniya. Na uku, fiye da rabin abin da aka zuba mata ya kan fito a matsayin kashin maƙera, ƙarfen da ke cikinsa kuma galibi ba ya komawa tanderu. Masana sun gwada wanke ƙurar da ruwan magani maimakon wuta, amma wani kashi na tutiyar ya kan ɗaure da ƙarfe ƙam, har ruwan ba ya iya raba su da sauƙi. Na huɗu, in farashin tutiya ya faɗi, ribar ta kan ragu ƙwarai.

Duk na yarda da waɗannan. Amma a lura, ba ko ɗaya daga cikinsu da ya ce a bar ƙura ta bi iska. Abin da su ke nunawa shi ne, aikin hawa hawa ne. Hawa na fari, a kama ƙurar. Kowane tanderu ya kasance da murfin zuƙe hayaƙi da jakunkunan tacewa, a kuma kunna su dare da rana, har da lokacin da ba mai dubawa. Hawa na biyu, a ajiye ta a buhuna, a ɗaki mai rufi da daɓen siminti, gama in ruwan sama ya dake ta, gishirin da gubar za su bi ƙasa su shiga rijiya. Hawa na uku, a auna ta, a rubuta yawanta da abin da ke cikinta, domin ba mai kafa masana'anta a kan abin da ba a san yawansa ba. Sai hawa na huɗu, masu masana'antu su haɗa ƙurarsu wuri guda, ko su sayar wa masu ganga a waje bisa ƙa'idar fitar da shara mai haɗari, ko kuwa in ta yi yawa a kafa ganga guda da za ta ɗauki ta kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Ko a Turai ma haka a ke yi, masana'antu da yawa ke ciyar da ganga ɗaya. Muna da hukumar kula da ƙa'idodin muhalli, NESREA, tun 2007. Hawa uku na farko ba su bukatar a jira wani sabon ilmi, aiki da doka kawai su ke bukata.

Akwai kuma wata hikima a nan da ta shafi halin ɗan Adam. Mai masana'anta da ya ga jakar tacewa kashe kuɗi ce kawai, zai nemi hanyar kashe fankar da dare. Amma ran da ya san abin da ke taruwa a jakar yana da mai saye, shi da kansa zai tsawata wa ma'aikacin da ya bar ta ta yage. Shi ya sa na ke ganin maganar dukiya da maganar lafiya tafiyarsu ɗaya.

Saura namu, mu malaman gobe. Ba mu da tanderu, ba mu da ganga, amma kowannenmu zai tsaya gaban yara arba'in ko fiye, shekara bayan shekara. Sau nawa mu ke sa yara su haddace cewa kaza na narkewa a digiri kaza, su rubuta a jarrabawa, su manta? Ga shi lamba ɗaya, 907, ta isa ta bayyana wa yaro dalilin da rodi ya ke baƙi, da abin da ke cikin hayaƙin da ya ke gani, da yadda wasu ƙasashe ke cin abinci da shi. Ina ba da shawara mu sa wannan cikin darasin kimiyya da na lissafi. Mu kuma koya wa yaran da ke zaune kusa da irin waɗannan masana'antu abubuwa masu sauƙi: a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kaɗe shi, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannu kafin cin abinci, a rufe randa da rijiya, wanda ke aiki a masana'anta kuma ya sāke tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri. In an kira taron iyaye da malamai, mu yi ƙarfin hali mu tambaya, cikin ladabi, ina masana'antar unguwarmu ke kai ƙurarta.

Kashegarin ranar nan na koma aji na ba yaron amsarsa. Na zana tanderu a allo, na rubuta 907 da 1,538, na bar su su ka gano da kansu wanne zai fara tashi. Da mu ka gama lissafin tan 400, sai ya sake ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe Baba yana sayar musu da abu biyu, su na biyansa kuɗin ɗaya, ɗayan kuma su na watsa mana?" Na ce masa ya riƙe wannan tambaya da kyau har ya girma. Tun daga ranar, kafin a fara goge tebura, shi ke zuwa rijiya ya jiƙo tsumman.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga na yi kuskure, shafin nan a buɗe ya ke, ina jiran amsarsa a fitowa ta gaba.